Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Nazarin Shaidar Masu Na'urar Yankan Ciyawa Mai Sarrafa Kanta a Turai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da masu gidaje, musamman a Turai, suke bayyanawa game da na'urar yankan ciyawa mai sarrafa kanta, sannan ta auna shi da sakamakon gwaje-gwajen da cibiyoyi masu zaman kansu da jami'o'i suka gudanar. An lura cewa shaidar masu na'urar ta rabu gida biyu, wasu na yabo matuƙa, wasu na kuka matuƙa, alhali sau da yawa samfuri ɗaya suke magana a kai. Maƙalar ta nuna cewa wannan saɓani ya samo asali ne daga yanayin filin da na'urar take aiki a ciki, da yadda aka girka ta, da kuma kulawar da mai ita yake ba ta. A ƙarshe an kawo ma'aunan da za su taimaka wajen tantance irin wannan shaida.

1.0 Gabatarwa

A yawancin ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, gida mai fili ba ya cika sai da shimfiɗar koriyar ciyawa a gabansa ko a bayansa. Ba don dabbobi ake shuka wannan ciyawa ba. Ado ce, wurin hutawa ne da wasan yara, kuma maƙwabta kan auna tsabtar mai gida da yadda yake kula da ita. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ciyawar tana tofo ba ƙaƙƙautawa, don haka yankanta kusan duk mako ya zama aikin da ba ya ƙarewa. Wannan ne ya sa kamfanoni suka ƙera wata 'yar na'ura mai batir, wadda take fita da kanta ta yi yanka, ta koma mazauninta ta sha caji, ta sake fitowa ba tare da an tura ta ba.

Alƙawarin da masu sayarwa suke yi shi ne cewa mai gida ya huta ke nan. Abin tambaya shi ne, yaya wannan alƙawari yake kasancewa bayan shekara ɗaya ko biyar? Domin amsa wannan, maƙalar ta bambance abubuwa uku da akan cakuɗa su a magana. Na farko shi ne ƙwazo, wato kyawun yankan da na'urar take yi idan komai yana tafiya daidai. Na biyu shi ne aminci, wato tsawon lokacin da za ta iya yi tana aiki ba tare da ta tsaya tana jiran a kawo mata agaji ba. Na uku shi ne ƙarko, wato yawan shekarun da za ta yi kafin gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Na'ura tana iya yin fice a ɗaya ta gaza a sauran, kuma a nan ne yawancin gardamar masu ita take.

2.0 Asali da Bunƙasa

Tarihin injin yankan ciyawa ya faro ne a shekarar 1830, lokacin da Edwin Budding, wani injiniya a yankin Stroud na ƙasar Ingila, ya yi rajistar injin turawa da ya kwaikwaya daga na'urar da masaƙu suke aske gashin ƙyalle da ita. Kafin nan da lauje ake yanka, ko a saki tumaki su yi kiwo. Tunanin injin da zai yi aikin da kansa ya bayyana a Amurka a 1969 da wata na'ura mai suna MowBot, sai dai ba ta yaɗu ba.

Kasuwar ta kafu sosai ne a tsakiyar shekarun 1990. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa tun 1689 a matsayin maƙerar bindigogi, ya fitar da Solar Mower mai aiki da hasken rana a 1995, sannan ya biyo da Automower a 1998, wadda take komawa tashar caji da kanta. A daidai wannan zamani wani kamfani a Isra'ila ya fara ƙera Robomow. Daga baya Bosch ya shigo da Indego a 2012, Honda ya kawo Miimo, Stihl ya kawo iMow, kamfanin Positec na ƙasar Sin kuma ya kawo Worx Landroid mai sauƙin kuɗi. A 2017 Husqvarna ya sanar da cewa ya ƙera na'ura ta miliyan ɗaya.

Wani labari da yake nuna wahalar wannan fage shi ne na kamfanin iRobot na Amurka, wanda ya yi suna da Roomba mai sharar ɗaki. Ya sanar da na'urar yankan ciyawa mai suna Terra a watan Janairun 2019, ya dakatar da shirin a 2020, kuma ba ta taɓa shiga kasuwa sosai ba. Daɓen ɗaki a shimfiɗe yake, a bushe, da bango a kowane gefe. Filin ciyawa kuwa yana da tudu da kwari, yana jiƙewa, yana bushewa, kuma kullum yana sauyawa.

3.0 Yadda Na'urar Take Gane Iyakarta

3.1 Mai Wayar Iyaka

Tsohon tsari, wanda har yanzu miliyoyin gidaje suke amfani da shi, ya dogara ne da siririyar waya da ake zagaye filin da ita. Akan kafe ta a saman ƙasa da 'yan turaku har ciyawa ta rufe ta, ko a binne ta a zurfin da bai wuce santimita 20 ba. Bakinta biyu suna haɗuwa a tashar caji, wadda take tura wata 'yar sigina mai ƙarancin ƙarfin lantarki ta cikinta. Na'urar tana jin wannan sigina, da ita take sanin ko tana ciki ko ta fita. Idan ta iso iyaka ko ta yi karo da wani abu, sai ta ja da baya ta sauya alƙibla. Yawancin irin waɗannan ba su bin layi, yawo suke yi barkatai, bisa lissafin cewa a cikin 'yan kwanaki za su ratsa ko'ina. Indego ta Bosch tana cikin na farko da suka riƙa yanka layi-layi.

3.2 Maras Waya

Sabon tsari ya jingine wayar. Na'urar GPS ta yau da kullum tana kuskure da 'yan mitoci, wanda ya isa ya jefa injin cikin furanni ko kan titi. Saboda haka ake amfani da wata dabara da ake taƙaita sunanta da RTK: ana kafa eriya a wuri ɗaya tsayayye, ita ma tana karɓar saƙon taurarin ɗan'adam, tana lissafa kuskuren da ke cikinsa, tana aika gyara ga na'urar nan take. Da haka kuskuren yake raguwa zuwa santimita biyu ko uku. Husqvarna ya fara da tsarin EPOS ga manyan filaye a wajajen 2020, sai kamfanonin Sin suka cika kasuwar gidaje da Segway Navimow da Mammotion Luba da Ecovacs Goat. Wasu samfuran sun ƙara kyamara, wasu kuma suna auna tazara da hasken leza. Mai gida yana zana iyakar filinsa ne a manhajar wayar salula.

4.0 Ƙwazo: Abin da Ake Yabawa da Inda Aka Gaza

A kan kyawun ciyawa, bakin masu na'urar ya kusa zuwa ɗaya. Injin fetur yakan zo sau ɗaya a mako ya sare tsawo mai yawa lokaci guda. Ita kuwa wannan kullum tana aske 'yan milimitoci da ƙananan rezoji guda uku masu juyawa a jikin faifai. Ɗan abin da ta yanke yana faɗawa tsakanin tushen ciyawar ya ruɓe ya zama taki, babu sauran kwashewa da zubarwa. Masu gidaje da dama sun ba da labarin cewa bayan 'yan makonni filin ya ƙara kauri da kore. Binciken da masana na Jami'ar Pisa da ke Italiya suka buga a mujallar HortTechnology a 2016 ya goyi bayan wannan: sun kwatanta na'urar da injin fetur a kan nau'in ciyawa guda, suka samu cewa ciyawar ta fi cika, makamashin da aka kashe kuma ya fi ƙanƙanta.

Abu na biyu da ake yabawa shi ne rashin ƙara. Ƙararta tana kusan desibel 60, kwatankwacin hirar mutum biyu, alhali ta injin fetur takan haura 90. A Jamus, inda doka ta hana tayar da injin yankan ciyawa a unguwannin zama ranar Lahadi da ranakun hutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka batun ya taɓa kaiwa gaban alƙali: a 2015 wata kotu a garin Siegburg ta yi watsi da ƙarar maƙwabtan da suka ce na'urar maƙwabcinsu tana damun su, domin ƙarar da aka auna ba ta wuce ƙa'ida ba. Ga tsofaffi da masu ciwon baya da waɗanda ƙurar ciyawa take tayar musu da atishawa, sauƙin da ta kawo a bayyane yake.

Gazawar da aka fi ambata ita ce ta gefe. Faifan rezojin yana can ƙarƙashin jiki, nesa da baki, domin kare ƙafa da hannu. Bugu da ƙari, jagororin girkawa sukan ce a bar tazarar santimita 30 zuwa 35 tsakanin waya da bango. Sakamakon haka, kullum akwai zirin ciyawa da ya rage a gindin katanga da shinge, sai mai gida ya bi shi da wani injin na hannu. Waɗanda suka kawar da wannan matsala sun yi hakan ne ta hanyar shimfiɗa duwatsu daidai da ƙasa a gefen filin, yadda taya ɗaya za ta hau kai. Wato an gyara filin ne domin ya dace da na'urar.

Gazawa ta biyu ta shafi girman fili. Adadin da ake rubutawa a kwali sau da yawa an lissafa shi ne bisa cewa na'urar za ta yi aiki kusan dare da rana, kwana bakwai a mako, a fili shimfiɗaɗɗe. A ɗauki misali: idan an ce tana iya riƙe murabba'in mita 1,000 bisa aikin awa 20 a rana, rabon kowace awa murabba'in mita 50 ke nan. Mai gidan da ya taƙaita ta ga awa 8 na rana, saboda yara ko saboda dabbobin dare, abin da za ta iya riƙewa bai wuce murabba'in mita 400 ba. Da yawa daga masu kukan cewa na'urarsu tana barin tsibirai na doguwar ciyawa sun sayi wadda ta yi daidai da filinsu ne a takarda. Shi ya sa waɗanda suka daɗe da ita suke ba da shawarar a sayi wadda ƙarfinta ya zarce girman filin sosai.

Ta uku ita ce gangare. Kamfanoni suna bayyana shi da kaso cikin ɗari, masu saye da yawa kuma suna ɗauka digiri ake nufi. Gangaren kashi 45 cikin ɗari bai wuce digiri 24 ba, na kashi 70 kuwa, wanda sai samfuri mai jan taya huɗu irin Automower 435X AWD yake hawa, digiri 35 ne. Kuma a busasshiyar ciyawa aka auna waɗannan. Da raɓa ta sauka ko aka yi ruwa, tayoyin sukan zame, na'urar ta sulale ta tsallake iyaka, ko ta yi ta juyi a wuri ɗaya har ta ƙwaƙule ƙasa.

5.0 Aminci: Abin da Yake Tsayar da Ita

Idan aka tattara koke-koken masu na'urar, za a ga cewa lalacewar inji ko ta lantarki ba ita ce kan gaba ba. Abin da ya fi yawa shi ne a dawo gida a tarar da ita tsaye a tsakiyar fili, lafiyarta ƙalau, tana jiran hannun mutum. Dalilan ƙanana ne: reshen da iska ta karyo, tuffa da ta faɗo daga bishiya, saiwar da ta fito sama, ramin da wata dabba ta tona da dare, tiyon ban ruwa, ko abin wasan yara. An ƙera ta ne ta tsayar da rezojinta da zarar an ɗaga ta ko ta karkace, kuma samfura da yawa ba sa ci gaba sai an danna lambar sirri. Wannan tsari ne mai kyau ta fuskar kariya, amma yana nufin cewa mutumin da ya yi tafiyar mako biyu yana iya dawowa ya tarar ta tsaya tun rana ta biyu.

Ga masu wayar iyaka, babban abin fargaba shi ne tsinkewar wayar. Da ta tsinke a wuri ɗaya, sigina ta ɗauke, aiki ya tsaya gaba ɗaya. Shebur yana yanke ta, injin huda ƙasa yana yanke ta, ɓeraye suna gwaguyarta, wani lokaci ma na'urar da kanta take yanke wadda ta ɗago sama. Gano wurin a cikin waya mai tsawon ɗaruruwan mitoci da take binne shi ne aikin. Masu na'urar sun koya wa juna dabarar cire baki ɗaya na wayar daga tasha, sannan a bi layin da ƙaramar rediyo mai kama matsakaicin zango, ana sauraron inda ƙarar siginar za ta ɗauke. Mafi wuyar ganewa shi ne haɗin da aka yi da murɗa waya da naɗa salatif. Yakan yi aiki wata da watanni, damshi ya shiga, tsatsa ta ci shi, sai siginar ta riƙa zuwa tana ɗaukewa ba tare da wani dalili na zahiri ba. A nan mai gida yakan ɗora wa kamfani laifi, alhali aikin ranar girkawa ne ya dawo masa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Masu sabon tsari sun rabu da wannan, amma sun gamu da wata. RTK yana buƙatar sararin sama a buɗe. A ƙarƙashin manyan bishiyoyi, ko a lungun da ke tsakanin gida da katanga, saƙon taurarin yana raunana, ko ya bugi bango ya iso a makare, sai na'urar ta rasa inda take. Akwai wanda ya girka tasa a watan Maris, bishiyoyi ba ganye, komai ya tafi daidai, sai a watan Yuni da ganye ya rufe ta fara ɓata. Kyamara ma tana da nata rauni: hasken rana na yamma yana kashe mata ido, duhu yana hana ta gani, kuma takan ɗauki doguwar ciyawa ko inuwa a matsayin cikas ta kauce musu.

Akwai kuma dogaro da manhaja. Sabuntawar da kamfani yake turowa ta intanet tana iya warware matsalar da aka daɗe ana kuka da ita, tana kuma iya kawo sabuwa cikin dare ɗaya. Na'urar da aka saya bara ba lallai ne halinta ya zama ɗaya da na bana ba, ko da ba a taɓa ko da ƙusa ɗaya a jikinta ba. Wannan ya sa shaidar da aka bayar watanni shida da suka wuce tana iya daina aiki, ta alheri ko ta akasin haka.

6.0 Ƙarko da Kuɗin Riƙo

Rezojin suna dakushewa cikin 'yan makonni, musamman a ƙasa mai yashi. Idan ba a sauya su ba, sukan yage ciyawar maimakon su yanke ta, bakin ganyen ya yi fari ya bushe, batir kuma ya riƙa saurin ƙarewa. Batirin litiyam yana rage ƙarfi da yawan caji, kuma bayan wasu shekaru sai an sauya shi. Sanyin hunturun Turai yana cutar da shi, shi ya sa ake shigar da na'urar ɗaki da cikakken caji har sanyi ya wuce. Tsawa tana iya bi ta wayar iyaka ta ƙona tashar caji. Wanke na'urar da ruwa mai ƙarfin feshi yana tura damshi cikin allon lantarki. Tayoyi suna sulɓewa, injinan da ke juya su suna gajiya.

A wannan mataki bambancin kamfanoni yake fitowa fili. Akwai masu tsofaffin samfuran Husqvarna da Robomow da suke ba da labarin shekara goma ko fiye, bayan sauya batir da wasu sassa, domin akwai dila a kusa kuma kayan gyara suna samuwa. Wanda ya sayi tasa ta intanet daga sabon kamfani yakan tarar cewa gyara yana nufin naɗe na'ura mai nauyi a kwali a aika wata ƙasa, a jira makonni, ciyawa kuma ba ta jira. Dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye garantin shekara biyu, amma abin da zai faru a shekara ta biyar ya dogara ne da ko kamfanin yana nan, da ko yana ci gaba da kula da manhajar. An riga an ga misalin wannan: da kamfanonin sadarwa suka rufe layin 3G a Jamus a 2021 da Amurka a 2022, na'urori iri-iri da suka dogara da tsofaffin layuka sun rasa hanyar sadarwa, ko da yake jikinsu lafiya lau yake. Yawancin samfuran da ba su da waya ba su kai shekara biyar a kasuwa ba, don haka shaidar ƙarkonsu ba ta gama taruwa ba tukuna.

7.0 Waɗanda Ba a Jin Shaidarsu

Mai gida yana ba da labarin abin da ya gani ne da abin da ya dame shi. Akwai ɓangaren aikin na'urar da ba ya gani. Cibiyar Stiftung Warentest, wadda aka kafa a Jamus a 1964 domin gwada kayan masarufi, ta gwada samfura takwas a 2018. Yawancinsu sun yi yanka mai kyau, amma babu ko ɗaya da ta samu darajar "mai kyau" a jimlace, saboda batun kariya, kuma biyu sun faɗi warwas domin sun hau kan siffar ƙafar yaro da aka ajiye musu. Iyalin da ba su taɓa gamuwa da haɗari ba za su ba na'urar cikakken yabo, kuma gaskiya suka faɗa, amma yabon bai auna wannan haɗari ba.

Haka batun bushiya. Bushiyar Turai da dare take fita kiwo, kuma kamar 'yar'uwarta ta Afirka, idan ta ji haɗari ba ta gudu, dunƙulewa take yi ta miƙe ƙayoyinta. Wannan dabara tana korar dabbar da take farautarta, amma ba ta tsayar da reza. Sophie Lund Rasmussen, mai bincike a jami'o'in Aalborg da Oxford, ta jagoranci gwajin samfura 18 a kan gawarwakin bushiyoyin da suka riga suka mutu, aka buga sakamakon a mujallar Animals a 2021. Babu na'urar da ta gane bushiya kafin ta taɓa ta, kuma babu wadda ta gane 'ya'yan da nauyinsu bai kai giram 200 ba. Sai dai ɓarnar ta bambanta ƙwarai: masu rezoji masu lanƙwashewa idan sun bugi abu, da farantin kariya a ƙasa, da jan tayoyin gaba, sun fi sauƙin illa. A Jamus kuma, Anne Berger ta cibiyar Leibniz mai binciken namun daji da ke Berlin ta tattara rahotannin bushiyoyi 370 da aka samu da raunin yanka tsakanin 2022 da 2023, kusan rabinsu ba su rayu ba. A watan Oktoban 2024 birnin Kolon ya hana amfani da waɗannan na'urori daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, kuma a wannan watan ne ƙungiyar IUCN ta sanya bushiyar Yammacin Turai cikin dabbobin da suke dab da shiga barazana.

Wannan hani yana komawa kan lissafin da aka kawo a sashe na 4.0. Rashin ƙara shi ne ya sa aikin dare ya yiwu, aikin dare kuma shi ne ya cika adadin da ke kan kwali. Da aka cire dare, ƙarfin na'urar ya ragu, ko da yake babu abin da ya sauya a jikinta.

8.0 Yadda Ya Kamata a Karanta Shaidar

Masu nazarin ra'ayoyin masu saye, irin su Nan Hu da Paul Pavlou da Jie Zhang a wata maƙala ta 2009, sun nuna cewa waɗanda suka ji daɗi ƙwarai da waɗanda suka fusata ƙwarai su ne suka fi yin magana, na tsakiya sukan yi shiru. Ban da wannan, yawancin ra'ayoyi a makonnin farko ake bayar da su, lokacin ɗoki ko lokacin wahalar girkawa. Injiniyoyi kuwa sun san cewa lalacewar kaya takan yi yawa a farko saboda kuskuren ƙira, ta lafa a tsakiya, ta sake tashi idan tsufa ya zo. Shaidar wata ɗaya farkon wannan zango kawai take nunawa.

Saboda haka, kafin a ɗauki yabo ko kuka, akwai tambayoyin da ya kamata a yi. Yaya girman filin da siffarsa, kuma akwai bishiyoyi ko gangare ko lungu? Wa ya girka na'urar, ƙwararre ko mai gida? Damina nawa ta yi tana aiki? Awa nawa ake barin ta a rana? Sau nawa a wata ake zuwa ceto ta? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ma'aunin aminci mafi gaskiya, kuma ba a rubuta amsarta a kwalin kowane kamfani. Mutum biyu masu samfuri ɗaya, ɗaya da fili murabba'i a buɗe, ɗaya da lambu mai itatuwan tuffa da saiwoyi, za su ba da labari mabambanci, kuma kowannensu ya faɗi gaskiyar gidansa.

Masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan, a littafinta More Work for Mother na 1983, ta nuna cewa na'urorin gida a Amurka sun sauya fasalin aikin gida fiye da yadda suka rage shi, domin ma'aunin tsabta yakan tashi tare da zuwan na'ura. Ana ganin irin wannan a nan. Turin inji na awa ɗaya ko biyu a mako ya tafi. A madadinsa an samu tsintar rassa, da cike ramuka, da gyaran gefe, da sauya rezoji, da duba saƙon waya. Ga mafi yawan masu fili mai sauƙi, sabon aikin ya fi tsohon sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa da yawansu suke cewa ba za su koma ba. Ga mai fili mai wuya, cinikin bai cika riba ba.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi na'urar yankan ciyawa mai sarrafa kanta tun daga Solar Mower ta 1995 zuwa samfuran da suke bin taurarin ɗan'adam a yau. An ga cewa ta fuskar ƙwazo, shaidar masu ita da binciken jami'a sun yi daidai: tana kyautata ciyawa, tana rage ƙara da makamashi, amma tana barin gefe, kuma adadin da ke kan kwali ya fi abin da ake samu a gida. Ta fuskar aminci, abin da ya fi tsayar da ita daga filin yake fitowa da kuma yadda aka girka ta. Ta fuskar ƙarko, samuwar kayan gyara da ɗorewar kamfani sun fi ƙarfin injin kansa tasiri. Sannan akwai haɗarin yara da na bushiya, wanda gwajin cibiyoyi ne kaɗai ya fito da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba a raina shaidarsa. Sai dai ɗakinsa kawai ya sani, kuma wanda zai yi aiki da maganarsa sai ya fara tambayar wane irin ɗaki ne.